Shirun Ɗan Haya Ba Lafiya Ba Ne

Ni jami'ar kula da 'yan haya ce a wata ƙungiyar samar da gidaje masu rangwamen kuɗi a arewacin Ingila, kuma da shugabannin irin waɗannan ƙungiyoyi nake magana. Biyan haya, kai ƙorafin gyara, neman tallafin Universal Credit, duk sun koma intanet. A wurin taro akan yi murna cewa masu bugo waya sun ragu. Ni kuwa raguwar tsoro take ba ni, don na shiga gidajen wasu daga cikin waɗanda suka yi shirun.

Wata dattijuwa ta janye mini labule, sai ga fumfuna baƙi ƙirin tun daga taga har ƙasa, ɗakin sai warin danshi. Tana da babbar waya, kullum tana ganin jikokinta ta WhatsApp, saboda haka a takardunmu tana cikin "masu intanet". Amma manhajar gyara na son imel, da kalmar sirri, da wata lamba da ke mutuwa kafin ta lalubo gilashinta. "'Yata, na gwada, korata take yi," in ji ta. Da tsumma da ruwan sabulu ta ci duk lokacin sanyin nan.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Dokar Awaab, mai ɗauke da sunan Awaab Ishak, yaro ɗan shekara 2 da fumfuna ta yi ajalinsa a Rochdale a 2020, ta fara aiki a Oktoban 2025. Ta ba mai gida irinmu kwanakin aiki 10 ya binciki danshi mai haɗari, da awa 24 idan abin gaggawa ne. To amma lissafin yana farawa ne daga ranar da labari ya iso mana. Wanda ya kasa shigar da ƙorafi, doka ba ta ma san da shi ba.

Wasu kuma kuɗin intanet ɗin ne babu. Kamfanonin sadarwa na da farashi mai rahusa ga masu karɓar tallafi, sai dai a 2023 hukumar Ofcom ta gano kusan kashi 5 cikin 100 kawai na waɗanda suka cancanta ne ke morarsa. Kamata ya yi jami'in da ke miƙa makulli ya faɗa wa ɗan haya wannan tun ranar farko, ya kuma haɗa shi da National Databank na Good Things Foundation, inda ake ba da layi da data kyauta.

Ku daina tambayar "Kana da intanet?" Ku ce wa ɗan haya ya shigar da ƙorafi a gabanku, ku ga inda zai tsaya. Ku bar layin waya da mutum ke amsawa, ku bar ƙofar ofis a buɗe, ku tanadi tafinta. Ku kuma bi gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe tsohon layin tarho a Janairun 2027, domin da yawa daga na'urorin neman agaji da suke ratayawa a wuya a kansa suke aiki.