Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne John Obi Mikel?

Wani mai sauraro daga Kano ya nemi bayani kan tarihin John Obi Mikel da nasarorinsa a fagen ƙwallon ƙafa.

An haifi Mikel a Jos a shekarar 1987, kuma tauraruwarsa ta fara haskawa ne a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, inda Messi kaɗai ya sha gabansa a jerin gwanaye. A 2006 ya koma Chelsea ta Ingila, wadda ta mayar da shi ɗan tsakiya mai tsaro, wato wanda ke tsayawa gaban 'yan baya yana katse harin abokan karawa, sannan ya miƙa ƙwallo ga na kusa da shi cikin natsuwa. A wannan matsayi ya ci kofin Firimiya a 2010 da 2015, da kofin Zakarun Turai a 2012. Ya kuma ɗauki kofin Afirka da Najeriya a 2013, kafin ya jagoranci tawagar da ta samo lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016. Ya yi ritaya a 2022, kuma yana cikin 'yan wasan Najeriya da suka fi tara kofuna a Turai.