NAZARI: Yadda Shugabanci Ke Tafiyar da Kasuwar Lantarkin Hasken Rana a Potiskum

Garin Potiskum na Jihar Yobe ya yi suna da kasuwar shanu, wadda ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da kasuwar hatsi da harkar manyan motocin dakon kaya. Rana kuwa ba ta yi wa garin rowa ba. Duk da haka masu injin niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara sun daɗe suna dogara ga janareta, domin wutar da ke zuwa daga babban layin ƙasa ba ta da tabbas. Abin tambaya shi ne, me ya sa aka daɗe ba a ci moriyar wannan rana ba?

Amsar tana cikin lissafin jari. Janareta yana da sauƙin saye, amma kullum sai an shayar da shi mai. Na'urar sola kuwa kusan dukkan kuɗinta a ranar farko ake biya, sa'an nan farantanta su yi shekaru 20 ko fiye suna aiki. Saboda haka mai zuba jari a sola yana sayen alkawari ne na dogon lokaci, kuma ba zai fid da kuɗinsa ba sai ya amince da maganar masu mulki. Ta hanyoyi uku shugabanni ke gina wannan amana ko su rushe ta.

Hanya ta farko ita ce farashi. Muddin gwamnati na biyan tallafin man fetur, janareta ya fi sola araha a idon ƙaramin ɗan kasuwa. Da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki. Matakin ya jefa jama'a cikin ƙunci, amma ya juya lissafin, har sola ta zama abin da mai shago ke tunanin saye.

Ta biyu ita ce doka. Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ce ta haifar da hukumar NERC da hukumar samar da lantarki a karkara, wato REA. Gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki na 2023 kuma sun ba jihohi ikon kafa kasuwar lantarkinsu. Ke nan yanzu Damaturu na da ta cewa, ba Abuja kaɗai ba.

Ta uku, wadda ta fi wuya, ita ce cika alkawari. A 2016 kamfanin NBET na gwamnatin tarayya ya sa hannu kan yarjejeniya da kamfanoni 14 don samar da fiye da megawat 1,000 daga hasken rana, akasari a Arewa. Saɓani kan farashi da lamunin biya ya tsayar da ayyukan shekara da shekaru. A inda aka tsaya kan magana kuwa an ga sakamako: tashar Jami'ar Bayero ta Kano mai megawat 7.1 a 2019, da ta Kumbotso mai megawat 10 a 2023. A Maroko ma, kafa hukumar MASEN a 2010 da goyon bayan Sarki Muhammad na Shida ya kai ga buɗe kashin farko na tashar Noor a 2016.

Darasin ga Potiskum a fili yake. Fitilun kan titi suna da daɗin ƙaddamarwa, amma batir yana mutuwa cikin 'yan shekaru, kuma in babu kuɗin gyara a kasafi, turakun ne kawai za su rage. Abin da zai ƙara wa garin arziki shi ne sola ga rijiyoyin burtsatse na kasuwar shanu, da ɗakunan sanyi na mahauta, da injinan niƙa, tare da bashi mai sauƙin ruwa, da horar da matasa kan gyara, da hana shigo da jabun kaya. Majalisun ƙananan hukumomi da masarautu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa duk suna da rawar takawa wajen ba da fili, da tsaron kaya, da karɓar kuɗin wuta. Ya kamata mai zaɓe ya riƙa tambayar kowane shugaba yawan ayyukan solar da ke ci gaba da ba da wuta shekara biyar bayan bikin buɗe su.