Yadda Ake Zana Taswirar Sinadarai a Jikin Dutse

A da, in masanin kimiyya yana son sanin irin sinadaran da ke cikin dutse, sai ya daka shi ya zama gari, ya jiƙa garin a ruwan magani, ya tace, sa'an nan ya auna abin da ya narke. Wannan hanya tana faɗin abin da dutsen ya ƙunsa, amma ba ta faɗin a wane gefe yake zaune, domin daka ya riga ya gauraya kome. Ga mai neman sinadarai masu kabon, wato irin waɗanda jikin duk wani mai rai ya ginu a kansu, wannan babbar hasara ce, saboda mazaunin sinadari shi ne yakan nuna ko tun asali yana cikin dutsen, ko kuwa daga baya ya shige shi.

Na'urar da ta magance wannan ita ce ma'aunin nauyin ƙwayoyin sinadarai, wadda Francis Aston ya ƙera irinta ta farko mai inganci a Ingila a 1919. Aikinta ya yi kama da shiƙa, inda iska ke raba ƙaiƙayi da tsaba saboda bambancin nauyi. A wani nau'inta, ana harba siririn hasken leza a kan ɗigo ɗaya na fuskar dutsen, sai ƙwayoyin da ke wurin su tashi. Ana ba su cajin lantarki, a tunkuɗa su cikin wani bututu da aka zuƙe iskarsa sarai. Marasa nauyi su ne ke fara isa ƙarshen bututun, masu nauyi su biyo baya, kuma daga lokacin isar kowace ƙwaya ake lissafa nauyinta, a gane ko wace ce. Sai a gusa gaba kaɗan a sake harbi, ɗigo bayan ɗigo, har sau dubbai. Daga ƙarshe kwamfuta ta harhaɗa sakamakon ta fitar da hoto mai launi, wanda ke nuna inda kowane sinadari ya taru da inda ya yi ƙaranci.

Shahararren dutsen da aka yi jayayya a kan mazaunin sinadaransa shi ne wanda ake kira ALH84001. An tsince shi a kan ƙanƙarar Antatika a watan Disamba 1984, nauyinsa bai cika kilo 2 ba, aka kuma tabbatar daga duniyar Mas ya ɓallo. (Irin wannan baƙo ya taɓa sauka a ƙasar Katsina: dutsen Zagami, mai nauyin kimanin kilo 18, wanda ya faɗo a gona a 1962, shi ma ɗan Mas ne.) A 1996 David McKay na hukumar NASA da abokan aikinsa suka ba da sanarwar cewa mai yiwuwa akwai alamun tsofaffin ƙwayoyin halitta a cikinsa. Ɗaya daga hujjojinsu ta fito ne daga ɗakin binciken Richard Zare a Jami'ar Stanford, inda leza ta gano wasu sinadaran kabon, dangin waɗanda ake samu a kunkunniya da hayaƙin mota. An ga ba su da yawa a ɓawon dutsen, amma suna ƙaruwa in an nutsa ciki, suna kuma taruwa wajen wasu 'yan dunƙule-dunƙulen ma'adinin kabonet. Hujjar tana da ƙarfi a ido: da dauɗar duniyarmu ce, ai a waje za ta fi yawa.

To, amma dutsen ya shafe kimanin shekara 13,000 a kwance cikin ƙanƙara. Masu suka suka ce narkakken ruwa yana iya bin tsagogi ya kai dauɗa har ciki, kabonet kuma ya riƙe ta. A 1998 awon kabon-14 ya nuna cewa mafi yawan sinadaran kabon ɗin na nan duniya ne, ko da yake akwai ragowar da ba haka ba. A 2022 kuma Andrew Steele da ƙungiyarsa suka nuna cewa akwai sinadaran kabon a dutsen da suka samu a can Mas, amma ta hanyar cuɗanyar ruwa da dutse, ba tare da wata halitta ba. Taswirar ba ta yi ƙarya ba. Fassararta ce aka yi wa gaggawa.

Wannan ne ya sa masana suka fi ɗokin dutsen da aka ɗebo kai tsaye daga sararin samaniya cikin rufaffen akwati. A watan Disamba 2020 kumbon Japan mai suna Hayabusa2 ya kawo kimanin giram 5 na tsakuwa daga dutsen sararin samaniya da ake kira Ryugu. An bi fuskar wata ƙwayar tsakuwar da wata dabara da ba ta buƙatar leza, inda ake fesa ruwan magani mai caji ya ɗauko sinadaran saman, aka kuma ga sinadarai masu kabon da naitirojin ba su bazu daidai ba, kowane iri da gefen da ya fi taruwa.