Darasi: Mu Raba Kwano Kashi Uku a Sabuwar Shekara

Ya ku iyaye mata da masu wayar da kan jama'a, sabuwar shekara ta shigo da sanyi, rumbu da sauran hatsi, kayan lambu kuma sun yi araha a kasuwa. Yanzu ne lokacin gyara tukunyar gida. Cikar ciki daban, ginuwar jiki daban: yaron da ba ya samun komai sai fura da tuwo yana iya ƙoshi kullum, amma tamowa ta kama shi.

Kashi uku na abinci

1. Masu ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo da mai.
2. Masu gina jiki: wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi, nama da fara.
3. Masu kare jiki daga cuta: zogale, kuka, yakuwa, kabewa, karas, tumatir da gwanda.

Kada tuwo ya wuce rabin kwano. A raba sauran rabin tsakanin kashi na biyu da na uku. Ranar da babu nama, wake ko ƙuli-ƙuli ya tsaya a madadinsa.

Rabon yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba shi. Bayan nan a ci gaba da shayarwa har shekara 2, tare da abinci. Ma'auni shi ne kofi mai cin kwatan lita:

- Wata 6 zuwa 8: sau 2 ko 3 a yini, daga cokali 2 ko 3 har rabin kofi.
- Wata 9 zuwa 11: sau 3 ko 4, rabin kofi.
- Wata 12 zuwa 23: sau 3 ko 4, kusan kofi guda.

Kunu ya yi kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a haɗa shi da garin gujiya ko na wake. Yaro ya ci a kwanonsa, domin a kwanon taro yayyensa sun fi shi saurin hannu.

Ga masu wayar da kai

Ku auna dantsen kowane yaro mai wata 6 zuwa 59. In awo ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, ku tura shi likita a ranar.

Ku kuma tunatar da mata su shanya zogale da yakuwa a inuwa, su ajiye wake tun yanzu. Damina za ta zo rumbu ya yi ƙasa, kuma abin da aka adana cikin sanyi shi zai riƙe yara.