Tsaron Masallaci Amana Ne

Ya ƴan'uwa Musulmi, ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari Babban Masallacin Kano, fiye da mutum 100 suka rasu. Tsakanin Matameye da Kano kuwa babu nisa.

A 2025 Birtaniya ta yi dokar tilasta wa wuraren da ke tara mutum 200 ko fiye yin tanadin tsaro. Mu tuni shari'a ta ɗora mana kiyaye rai: a sallar tsoro, rukuni ɗaya na gadi, ɗaya na salla.

Saboda haka wajibi ne kwamitocin masallatanmu su bar ƙofofin fita a buɗe, su sa masu lura ran Juma'a da Idi, su kai wa jandarma labarin abin tuhuma. Tawakkali bai hana ɗaure raƙumi ba.

Allah Ya tsare mu, amin.