Maƙoƙo, gishiri da ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki

Darasin wannan Juma'ar na iyali ne, amma mun fi so maza su fara karantawa, don mu ne ke shigo da kaya gida.

A gaban wuyan kowa, ƙasan maƙogwaro kaɗan, akwai wani ɗan nama da likitoci ke kira tayirod. Shi ne in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinsa haɗa wani sinadari mai bin jini, kuma ba ya iya haɗa shi sai da aidin, wanda yawancinmu a gishiri muke samu. To, ɗan tayi ba shi da tayirod mai aiki a wata ukun farko, nasa ba ya kankama sai wajen wata na biyar. Duk tsawon lokacin nan da sinadarin uwa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Kuma kun san halinmu: watannin nan ne mace ke ɓoye ciki, wani sa'in mijin ma bai sani ba, balle a yi zancen awo. In sinadarin uwa ya yi ƙasa, sau da yawa za a haifi yaro lafiya lau a ido. Sai an kai shi makaranta malam ya ce karatu ba ya zama, mu kuma mu hau shi da faɗa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki kuwa 250. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Sai dai gishirin da ya wuni a buɗe cikin daro, ga rana ga laima, aidin ɗinsa raguwa yake. Na ƙunshi a rufe ya fi, a gida ma a riƙa rufewa.

Sai rogo. A nan Keffi muna cin gari da alabo fiye da yadda muka saba a gida. Rogo mai ɗaci na da guba, jiki kan juya ta zuwa wani sinadari da ke tare wa aidin hanyar shiga tayirod. A yankin Ubangi na arewacin Kwango, likitoci sun gano a shekarun 1970 cewa rogon da bai sha gyara ba, haɗe da ƙarancin aidin, shi ya yawaita maƙoƙo da yara masu tawayar ƙwaƙwalwa. Ba mu ce a bar rogo ba. Wanda aka jiƙa kwana uku zuwa sama, aka matse, ya bushe sarai, gubar ta tafi galibi. Na gaggawa, wanda aka yi don a cim ma ranar kasuwa, shi ne abin tsoro. Irin sinadarin nan yana cikin hayaƙin taba ma, masu sha a ɗaki sai su ji.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan hatsi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari irin na cikin Sniper, a 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Bincike a ƙasashe da dama ya danganta magunguna na wannan dangi da matsala a ci gaban ƙwaƙwalwar yaran da uwayensu suka shaƙa ko suka ci da ciki. Amma har yau ana yayyafa shi a buhu, da dare a fesa otapiapia a ɗakin da mai ciki za ta kwana. Buhun PICS mai ninki uku na kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, iska kawai yake toshewa. Ya ɗan fi tsada, gaskiya ne. Hura gawayi da leda ma a daina sa mai ciki.

Kada kowa ya sayo wa matarsa maganin aidin da kansa, yawansa ma illa ne. In wuyanta ya tasa, ko akwai maƙoƙo a danginsu, a kai ta awo tun watan farko da ta yi ɓatan wata, a asibitin unguwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Keffi, a kuma gaya wa ma'aikaciyar irin kayan da ake ajiyewa a gidan.