Zafin bazara da ƙodar dabba: inda rago ya bambanta da tunkiya

Darasin wannan mako a kan ƙoda yake, da abin da zafin watannin Afrilu da Mayu ke yi mata. A wannan lokaci zafi kan kai digiri 45 a Tawa, Maraɗi, Damagaram da Yamai. Layya kuma tana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2025 ta zo a farkon Yuni, don haka turkar raguna yanzu a tsakiyar bazara take faɗowa. Abin da nake son mu fahimta shi ne, zafi ɗaya ne yake dukan rago da tunkiya, amma ba wuri ɗaya yake karya su ba.

Abin da zafi ke yi wa ƙoda

Ƙoda ƙarama ce, amma idan dabba tana hutawa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙoda yake bi domin a tace shi. Da rana ta take, sai jiki ya sauya rabon. Ana tura jini da yawa zuwa fata da hanci da harshe domin a fitar da zafi, shi ya sa tumaki da awaki ke haki. Jijiyoyin jinin da ke shiga ƙoda sai su tsuke. A lokaci guda kuma wani sinadari daga ƙasan ƙwaƙwalwa yana umurtar ƙoda ta riƙe ruwa. Sai fitsari ya ragu, ya yi kauri, ya yi ja.

Wannan dabara ce ta tsira, ita ce ke sa dabbobinmu jure nisan rijiya. Sai dai ta ɗan lokaci ce. Idan ƙishirwa ta daɗe, ƙodar da ba ta samun isasshen jini takan fara lalacewa.

Bambancin namiji da mace

Binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna ƙodar mace ta fi ta namiji jure ƙarancin jini. Sinadarin mata, estirojin, yana taimaka wa jijiyoyin jini su saki, jini ya ci gaba da gudana. Na maza kuwa, testosteron, ya fi karkata ga tsarin da ke tsuke su. Wannan shi ne bayanin masana a taƙaice. A turke da garke kuwa, ga yadda nake ganin bambancin.

Ita mace, nauyinta yana ga ciki da nono. Kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Jar akuyar Maraɗi mai shayar da ƴaƴa biyu tana fitar da ruwa ta haki, ta fitsari, ta hantsa. Idan ruwa ya yi ƙaranci, nono ne ke fara ƙafewa, ƴaƴa su rame kafin a lura da uwar.

Shi namiji, matsalarsa tana ga mafita. Hanyar fitsarin mace gajera ce mai faɗi, ƴar tsakuwa na wucewa ba tare da an sani ba. Ta rago da bunsuru doguwa ce, siririya, tana da lanƙwasa biyu a tsakiya, a ƙarshenta kuma akwai wani ɗan siririn tsinke kamar tsutsa. A waɗannan wurare biyu tsakuwa ke maƙalewa. Wanda aka fiɗiye tun yana ƙarami ya fi shiga haɗari, domin sinadarin maza ne ke faɗaɗa hanyar yayin girma.

Yadda tsakuwa ke haɗuwa a ragon turke

Abu uku ne ke haɗuwa. Na farko, fitsari mai kauri saboda zafi da ƙarancin sha. Na biyu, dusa. Dusar alkama, dusar hatsi da angurya suna da sinadarin fosfora mai yawa, kalsiyam kaɗan, alhali abin da ake so shi ne kalsiyam ya ninka fosfora sau biyu. Na uku, ƙarancin tuƙa. Dabbar da ke cin ciyawa tana tuƙa, tana yin miyau da yawa, fosfora ya bi miyau zuwa ciki ya fita ta kashi. Ragon da aka cika wa ciki da dusa ba ya tuƙa sosai, sai fosforar ta koma kan ƙoda, ta taru a mafitsara kamar yashi.

A nan nake jan hankali kan kanwa. Tana da amfaninta, amma tana tura fitsari zuwa yanayin da irin wannan tsakuwa ta fi son haɗuwa. Ga ragon da ke kan dusa, gishiri ya fi: yana sa shi ƙishirwa, ya sha ruwa, fitsari ya tsinke.

Alamomin toshewa

Ragon zai daina ci. Zai riƙa miƙewa yana yunƙuri, yana kaɗa wutsiya, yana harbin cikinsa, yana cizon haƙora. Fitsari na ɗigowa kaɗan-kaɗan, wani lokaci da jini, ko ya tsaya ɗungurungum. Sau da yawa ina tarar da an ɗauka kashi ne ya ƙi fita, an yi ta ɗura masa mai. Ku duba ƙasan da ya kwana: idan a bushe take, ku shafa gashin bakin mazakutarsa, kuna iya jin ɓurɓushi kamar gishiri.

Cikin kwana ɗaya zuwa biyu mafitsara ko hanyar fitsari na iya fashewa. Sai ragon ya yi shiru kamar ya samu sauƙi, daga baya ciki ko mara ta kumbura. Wannan shirun ba lafiya ba ne. Tun ranar farko a kira likitan dabbobi ko ma'aikacin kiwo na yankinku. Idan tsakuwar tana ƙarshen hanya, yanke ɗan tsinken nan kan buɗe ta, amma aikin ƙwararre ne.

Hattara da allura

Dabbar da ƙishirwa ta kama, ƙodarta da ɗan jinin da ya rage take aiki. Allurar kashe ciwo irin su diklofenak tana toshe sinadaran da ke riƙe wannan ƴar hanya a buɗe. Jentamaisin ma yana cutar da ƙoda, haka oksitetirasaikilin idan an wuce ƙima. Kafin kowace allura, ku ja fatar wuya ku saki. Idan ta daɗe ba ta koma ba, ko idanu sun faɗa, ruwa ne magani na farko.

Abin yi kafin Layya

1. Ragon turke ya samu ruwa mai tsabta a inuwa, dare da rana. Ruwan da ya yini a rana cikin kwanon ƙarfe ba ya shayuwa.
2. A riƙa ba shi harawar wake ko ta gyaɗa kafin dusa. Harawa tana da kalsiyam, tana kuma sa tuƙa.
3. A raba dusa gida biyu, safe da yamma, a ƙara ta sannu a hankali.
4. A ajiye gishirin lasa kusa da ruwa, a rage kanwa.
5. Kada a yi gaggawar fiɗiye ɗan rago ko ɗan akuya.
6. A bakin rijiya, masu ciki da masu shayarwa su fara sha kafin manyan maza su ture su.
7. Idan za a kai kasuwa, a shayar kafin lodi, a yi tafiyar da sanyin safiya.

Mata da yawa a ƙauyukanmu da bashin asusu suke sayen ragon turke, ribarsa ce kuɗin makaranta da na iri. Don haka kowace safiya, kafin ku zuba dusa, ku tsaya ku ga ragon ya yi fitsari da ƙarfi. Allah ya ba mu damina mai albarka.